Ido Mai Araha: Tarihin Yadda Kwamfuta Ta Koyi Gane Fuska da Ɗan Lissafi Kaɗan

A shekarar 1964, a garin Palo Alto da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wani masanin lissafi mai suna Woodrow Bledsoe ya ɗauko aikin da akasarin abokan sana'arsa ke ganin lokacinsa bai yi ba. So yake a miƙa wa kwamfuta hoton mutum, ta bincika tarin hotunan da aka ajiye mata, ta fito da mai fuskar. Shi da Helen Chan Wolf da Charles Bisson suka yi aikin a wani ƙaramin kamfani mai suna Panoramic Research. Da yake wata hukumar leƙen asiri ce ta ba da kuɗin, kaɗan ne daga abin da suka gano ya fito fili a wancan lokaci.

Kwamfutar zamanin ba ta iya duban hoto da kanta. Mutum ne zai zauna da alƙalamin lantarki a kan wani allo, ya dangwala tsakiyar ƙwayar ido, da gefen ido na ciki da na waje, da inda gashin goshi ya tsaya. Daga nan injin ya lissafa tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare, irin su faɗin baki da nisan da ke tsakanin idanu biyu, ya ajiye lambobin. Ma'aikacin da hannunsa ya faɗa yakan gama hoto kamar 40 a awa ɗaya. Bledsoe da kansa ya lissafa abubuwan da ke ɓata masa aiki: juyawar kai, da sauyin haske, da yanayin fuska, da tsufa. Fiye da shekara 60 ke nan, kuma har yau da su ake fama.

Rashin ƙarfin inji ne ya tilasta wa Bledsoe ya mayar da fuska 'yan lambobi. Ya zubar da kusan duk abin da ke cikin hoton, ya riƙe abin da yake zaton shi ke bambanta wane da wane. Duk wani babban ci gaba da aka samu bayansa a wannan fanni amsa ce ga tambayar da ya tarar a gabansa: me za a iya zubarwa ba tare da an rasa mutumin ba? Ta wannan hanya nake so mu bi labarin, domin abin da aka zaɓa a zubar ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Wanda ya fara cire hannun mutum daga aikin shi ne Takeo Kanade, ɗalibi a Jami'ar Kyoto ta Japan. A kundin digirinsa na uku na 1973 ya rubuta manhajar da ke gano ido da hanci da baki da kanta, ya kuma yi amfani da hotunan da aka tara a bajekolin duniya na Osaka na 1970. Gwajin gane mutum da ya yi bai wuce mutum 20 ba, amma ya nuna abu ne mai yiwuwa. Sai fannin ya yi tsit na wasu shekaru.

A 1987 Lawrence Sirovich da Michael Kirby na Jami'ar Brown suka zo da wata dabara daban. Maimakon a auna hanci da baki, a ɗauki hoton gaba ɗaya a matsayin jerin lambobi. Matsalar ita ce yawa: hoto mai ɗigo 256 a tsaye da 256 a kwance lambobi 65,536 ne. To amma fuskoki sun yi kama da juna ƙwarai, ido biyu a sama, baki a ƙasa, saboda haka mafi yawan lambobin maimaici ne. Suka nuna cewa idan aka fitar da matsakaiciyar fuska daga tarin hotuna, sannan aka fitar da wasu 'yan fuskokin tushe, dishi-dishi kamar inuwa, waɗanda ke nuna manyan hanyoyin da fuskoki ke saɓawa, to kowace fuska za a iya sake gina ta da cakuɗin waɗannan. Lambobin cakuɗin kuwa ba su kai 100 ba. A 1991 Matthew Turk da Alex Pentland na MIT suka mayar da wannan hanyar gane mutum, suka raɗa mata suna Eigenfaces. Ana kwatanta 'yan lambobin sabon hoto da waɗanda aka ajiye, wanda ya fi kusa shi ne mutumin. Sauri kam akwai shi. Raunin shi ne haske: mutum ɗaya a rana da kuma a inuwa ya fi nisa da kansa a lissafi fiye da mutum biyu daban a haske iri ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Yale sun rage wannan rauni a 1997 da hanyar da suka kira Fisherfaces, ma'aikatar tsaron Amurka kuma tun 1993 ta fara shirin FERET, wanda ya tara hotuna 14,126 na mutum 1,199 don a riƙa gwada kowa da mudu ɗaya.

Duk wannan yana aiki ne idan an riga an yanko fuskar an ajiye ta a tsakiya. A hoton duniya ta gaskiya, sai an fara nemo inda fuskar take kafin a tambayi ta wace ce, kuma nemowar ta fi cin lissafi. Inji ba ya da wata hanya sai ya ɗauki 'yar ƙaramar taga ya bi hoton kaf da ita, daga kusurwa zuwa kusurwa, yana tambaya a kowane wuri ko fuska ce, sannan ya ƙara girman tagar ya sake zagayowa. Hoto guda kan haifar da dubun dubatar tambayoyi. A nan ne Paul Viola da Michael Jones suka yi aikin da a ganina babu kamarsa a duk tarihin nan. A 2001 suka gabatar da shi, Viola yana ɗakin binciken Mitsubishi, Jones yana na Compaq, dukkansu a garin Kambirij na jihar Masacusets.

Dabaru uku suka haɗa. Ta farko, sun daina kallon ɗigo ɗaya ɗaya, suka koma kwatanta hasken murabba'ai maƙwabta: a tara hasken wannan yanki, a tara na wancan, a ɗebe. Don kada tarawar ta ci lokaci, sai a bi hoton sau ɗaya tak a rubuta a kowane ɗigo jimillar hasken duk abin da ke samansa da hagunsa. Da an yi haka, jimillar kowane murabba'i, komai girmansa, da duba lambobi huɗu kawai ake samunta. Ta biyu, a taga mai ɗigo 24 da 24 akwai irin waɗannan gwaje-gwaje fiye da 100,000 da za a iya yi, sai suka bar wata hanyar koyo mai suna AdaBoost, ta Yoav Freund da Robert Schapire, ta zaɓo masu amfani daga hotunan fuska 4,916. Gwajin farko da ta zaɓo shi ne cewa yankin idanu ya fi saman kumatu duhu. Na biyu, idanu sun fi karan hanci duhu. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

Dabara ta uku ita ce zuciyar aikin. Kusan duk tagogin da ake dubawa ba fuska ba ne: bango ne, ko sama, ko riga. Don me za a kashe musu cikakken lissafi? Sai suka jera gwaje-gwajen hawa-hawa kamar yadda ake tankaɗe, rariya mai manyan idanu a gaba, masu ƙanana a baya. Hawan farko gwaji biyu ne kacal, kuma yana watsar da kusan rabin tagogin da ba fuska ba, alhali da wuya ya watsar da fuska ta gaskiya. Abin da ya tsallake ya tarar da hawa na biyu mai ɗan tsanani, haka har hawa 38 masu ɗauke da gwaje-gwaje sama da 6,000. Sakamakon shi ne, a matsakaici, gwaji kamar 10 kawai ake yi wa kowace taga. A kan kwamfuta mai Pentium III mai gudun megahaz 700, sun riƙa nemo fuskoki a hoto 15 cikin daƙiƙa ɗaya. Horar da tsarin ya ci makonni, amma sau ɗaya ake yin wannan wahalar, aiki da shi kuwa kusan kyauta ne. Injiniyoyin Intel suka saka irinsa a cikin OpenCV, rumbun manhaja da kowa ke iya ɗauka ba da ko sisi ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 2000 ɗan murabba'in nan da ke zagaye fuska a allon kyamara ya zama abin da kowa ya saba gani.

Gane mutum kuwa ya ci gaba da jan ƙafa. A Jami'ar Oulu ta Finlan, Timo Ahonen da Abdenour Hadid da Matti Pietikäinen sun nuna a 2004 cewa kwatanta kowane ɗigo da maƙwabtansa takwas yana ba da bayanin fuska mai sauƙin lissafi wanda haske ba ya saurin ruɗawa. A 2007 Jami'ar Masacusets da ke Amherst ta fitar da tarin hotunan da ake kira LFW: hotuna 13,233 na mutum 5,749 da aka kwaso daga labaran intanet, ba a ɗakin hoto aka ɗauke su ba. Jarrabawar ita ce a nuna hotuna biyu a ce mutum ɗaya ne ko biyu. Tsofaffin hanyoyi sun sha kashi a kanta.

Sai aka shiga zamanin da aka jingine tattali gefe guda. Bayan nasarar da ragar jijiyoyin lissafi mai zurfi ta samu a gasar gane hotuna ta 2012, manyan kamfanoni suka juyo da ita kan fuska. Irin wannan raga hawa-hawa ce ta lissafi, cike da miliyoyin ma'aunai da ake daidaitawa a hankali ta hanyar nuna mata misalai, har ta gano wa kanta abin da ya kamata ta duba. A 2014 Yaniv Taigman da abokan aikinsa a Facebook suka fitar da DeepFace, mai ma'aunai sama da miliyan 120, wadda aka horar da hotuna kimanin miliyan 4 na mutum kamar 4,000. Ta ci kashi 97.35 cikin ɗari a LFW, inda mutane suka ci 97.53. Shekara guda bayan haka Florian Schroff da Dmitry Kalenichenko da James Philbin na Google suka kai 99.63 da FaceNet, bayan horo da hotuna tsakanin miliyan 100 zuwa 200.

FaceNet ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin duk da girmanta ta komo da tunanin Bledsoe ta bayan gida. Hotuna uku-uku ake nuna mata: biyu na mutum ɗaya, ɗaya na wani. Ana tura ma'aunanta har sai lambobin da take fitarwa ga hotuna biyun farko sun matso kusa da juna, na ukun ya yi nisa. A ƙarshe kowace fuska lambobi 128 ce, kuma sun nuna za a iya ajiye kowace lamba a bayit guda. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: fuska miliyan ɗaya megabayit 128 ke nan. Al'ummar ƙasa mai mutum miliyan 200 ba za ta cika katin memori mai gigabayit 32 ba. Ajiya ta zama ba komai ba. Tsadar ta koma wajen fitar da lambobin, domin babbar ragarsu tana yin lissafi kimanin biliyan 1.6 a kan kowane hoto. Su kansu sun hango inda aka dosa, suka gwada wata ƙarama mai lissafi miliyan 20 don wayar hannu, amma ƙwarewarta ta ragu sosai.

Daga 2015 zuwa 2019 aikin ya zama na rage ƙiba ba tare da rage basira ba, kuma hanyoyin sun fito daga wurare daban-daban. Song Han na Jami'ar Stanford da abokansa sun nuna cewa mafi yawan ma'aunan babbar raga zaman banza suke yi. Suka datse su, suka rage tsawon lambobin da suka saura, suka mayar da wata sananniyar raga daga megabayit 240 zuwa 6.9 ba tare da ta rasa ƙwarewa ba. Rage tsawon lamba kaɗai, daga mai gurbi 32 zuwa mai gurbi 8, yana mayar da girma kashi ɗaya cikin huɗu, ya kuma sauƙaƙa wa batir. Geoffrey Hinton da Oriol Vinyals da Jeff Dean kuma suka yaɗa hanyar da ake kira ta malami da ɗalibi. Ana horar da babbar raga tukuna, sannan a sa ƙarama ta kwaikwayi amsoshinta, har da shakkunta. Idan malamin ya ce wannan fuska ta wane ce amma ta ɗan yi kama da ta wane, wannan ɗan bayani na kama yana koya wa ɗalibi abin da amsar eh ko a'a ba za ta koya masa ba.

A 2017 Andrew Howard da abokan aikinsa a Google suka fitar da MobileNet, wadda tun daga tushe don waya aka gina ta. A raga ta yau da kullum, kowane matataci yana yin aiki biyu lokaci guda: yana duban ɗan yanki na hoton, yana kuma haɗa bayanan duk zanen da hawan baya ya fitar. Suka raba aikin gida biyu, a fara duban yanki a kowane zane shi kaɗai, sannan a haɗa. Wannan rabuwa kawai ta rage lissafi sau 8 zuwa 9. Sai dai da aka ɗora irin waɗannan ragogi kan gane fuska, ba su yi abin da aka zata ba, har sai da Sheng Chen da abokansa a Beijing suka gano dalili a 2018. A hawan ƙarshe, ragar takan ɗauki matsakaicin bayanan duk sassan hoton, ta daidaita tsakiya da kusurwa. Wannan daidai ne idan ana neman kyanwa da ka iya zama a ko'ina cikin hoto. Fuska kuwa an riga an daidaita ta a tsakiya, ido da hanci suna inda aka san su, kusurwa kuma bango ne kawai. Suka maye gurbin matsakaicin da awo mai koyon wane sashe ya fi nauyi. MobileFaceNet da ta fito ba ta kai ma'auni miliyan ɗaya ba, girmanta megabayit 4, tana gama fuska cikin kashi 18 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya a waya, ta kuma ci 99.55 a LFW. Shekara huɗu kacal tsakaninta da DeepFace: ta fi ta ƙanƙanta fiye da sau 100, ta kuma fi ta ci.

Wani ɓangare na wannan nasara daga wajen horo ya zo. Jiankang Deng da Stefanos Zafeiriou da abokansu a Kwalejin Imperial ta Landan sun fitar da ArcFace, inda ake tsananta wa raga da gangan lokacin koyo. Bai isa ta ce wannan wane ne ba, sai ta faɗa da rata mai faɗi tsakaninsa da kowa. Tsananin yana ƙarewa a ɗakin horo, ba ya ƙara ko lissafi ɗaya a waya. Shi kuma tankaɗen Viola da Jones bai mutu ba. A 2016 Kaipeng Zhang da abokansa a Shenzhen suka sake gina shi da ƙananan ragogi uku, ta farko tana kwaso duk abin da ya yi kama da fuska a gurguje, biyun baya suna tacewa, aka san shi da MTCNN.

Bidiyo kuwa nasa ciwon kan daban ne. Hoto 30 a daƙiƙa yana nufin hoto 108,000 a awa ɗaya daga kyamara guda, kuma akasarinsu marasa kyau ne: mutum yana tafiya, fuska ta yi hazo, kai ya juya, wani ya gifta. Amma bidiyo yana da rangwamen da hoto ba ya da shi, wato maimaici. Fuskar da ke nan yanzu tana dab da nan a hoto na gaba. Don haka ba a neman fuska daga farko a kowane hoto. A nemo ta jefi-jefi, a tsakani kuma a bi sawunta da lissafi mai sauƙi, kuma ɗaya daga tsofaffin hanyoyin bin sawun nan ita ce wadda Bruce Lucas da Kanade ɗin nan na Kyoto suka rubuta a 1981 a Jami'ar Carnegie Mellon. Daga hotuna ɗaruruwa na mutum guda, sai a zaɓi 'yan kaɗan masu haske da ke fuskantar kyamara. A 2017 Jiaolong Yang da abokansa suka nuna ƙaramar raga da ke koyon ba kowane hoto nauyi gwargwadon ingancinsa, ta narkar da su duka su zama jerin lambobi guda. Tarin YouTube Faces na 2011, mai bidiyo 3,425 na mutum 1,595, shi ne ma'aunin da aka daɗe ana gwaji da shi. Zuwa 2019 tattali ya zama gasa mai zaman kanta: a babban taron masana a Seoul an yi gasar da aka ƙayyade wa ƙananan ragogi lissafi biliyan ɗaya da megabayit 20, har da rukunin bidiyo. A shekarar ce Google ta fitar da BlazeFace, mai nemo fuska sau ɗaruruwa a daƙiƙa a kan manyan wayoyi.

Me wannan araha ta haifar? Abu biyu masu karo da juna, kuma lissafi ɗaya ne ya haife su. Kamfanin Apple ya bayyana a 2017 cewa da hanyar Viola da Jones ya fara, kuma da ya so komawa raga mai zurfi bai iya tura hotunan mutane zuwa manyan injinansa ba, saboda a kulle suke isa can. Dole ya ƙanƙantar da ragar ta hanyar malami da ɗalibi ta zauna a cikin waya. Face ID da ya zo da iPhone X a wannan shekara yana haska ɗigo sama da 30,000 da ido ba ya gani a kan fuska, kuma bayanin ba ya barin wayar. Wannan kariya ce ta gaske, ƙanƙanta ce ta kawo ta. Amma ragar da ta shiga waya za ta shiga kyamarar kan titi. A da tsada ce ke hana hukuma bin fuskar kowa, ko da doka ba ta hana ba, yanzu wannan shinge ya faɗi. A watan Oktoban 2019 Amurka ta saka takunkumi kan kamfanonin Sin irin su SenseTime da Megvii da Yitu, bisa zargin hannu a sa ido kan Musulmin Uygur a yankin Xinjiang. Hotunan horon ma ba da izinin masu su aka kwaso ba. Microsoft ta janye tarinta mai hotuna miliyan 10 na mutum 100,000 a 2019 bayan an fallasa hakan, Facebook kuma a Nuwamban 2021 ta sanar da goge bayanan fuskar mutum fiye da biliyan ɗaya.

Yanzu mu koma ga gwaje-gwajen nan biyu, idanu sun fi kumatu duhu, idanu sun fi karan hanci duhu. A ƙarshen 2009 wani bidiyo ya karaɗe intanet, inda kyamarar wata kwamfutar HP ke bin fuskar ma'aikaciya farar fata, ta ƙi motsi ga abokin aikinta baƙi. Bayanin kamfanin shi ne manhajar tana auna bambancin haske tsakanin idanu da saman kumatu da hanci, kuma tana wahala idan haske bai wadata ba. Ba wanda ya zauna ya ƙulla wannan, gajeriyar hanya ce da aka koyo daga fuskokin da ke hannu. Ragogi masu zurfi ma ba su tsira ba. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin kamfanoni uku wajen bambance mace da namiji, da hotunan 'yan majalisa 1,270 daga Ruwanda da Senegal da Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Turai uku. Kuskure a kan maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 ba, a kan mata masu duhun fata ya kai 34.7. A Disamban 2019 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189 daga masu ƙira 99, da hotuna sama da miliyan 18. A da yawansu, yiwuwar a ɗauki wani a matsayin wani ta ninka sau 10 zuwa 100 a wasu al'ummu, kuma mutanen Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, sannan ya fi yawa ga mata da tsofaffi da yara. Wata guda bayan rahoton, 'yan sandan Ditroit suka kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa kan satar da bai yi ba, saboda inji ya nuna shi.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Sara Hooker da abokan aikinta a Google sun bincika abin da raga ke mantawa idan aka datse ta. A gwaje-gwajensu na rarraba hotuna, jimillar maki kusan ba ta motsa, amma asarar ba a raba ta daidai ba. Tana taruwa ne a kan misalan da suka yi ƙaranci a wajen horo. Ragar da aka rage wa wuri tana riƙe abin da ta fi gani, ta saki wanda ta gani jefi-jefi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mu ne muka fi buƙatar ƙaramar raga, saboda wayoyinmu masu araha ne, intanet yana yankewa, wuta ba tabbas, kuma mu ne muka fi ƙaranci a hotunan da aka horar da ita. Lambar nan ta 99.55 a kan LFW aka same ta, tarin da mafi yawansa maza ne fararen fata.

Maganar ba ta nesa ba ce. Bayan wahalar da aka sha da na'urar karanta kati a zaɓukan 2015 da 2019, inda yatsun mutane da yawa suka ƙi karantuwa, hukumar zaɓen Najeriya ta kawo BVAS, mai tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska. An yi amfani da ita a zaɓen gwamnan Anambara a Nuwamban 2021, sannan a rumfuna sama da 176,000 a 2023. A cikin na'urar ake yin kwatancen, ba sai da intanet ba, abin da ba zai yiwu ba in ba don aikin shekarun nan na ƙanƙantarwa ba. Manhajojin banki ma yanzu suna cewa ka kalli kyamara ka juya kai. Sai dai rahoton NIST ɗin nan ya nuna wani abu mai ƙarfafa gwiwa: manhajoji da dama da aka ƙera a Sin ba su nuna raunin nan na yawan ɗaukar wani a matsayin wani a kan fuskokin gabashin Asiya ba, alamar cewa aibin daga hotunan horo yake, ba daga lissafin ba. Raga mai megabayit 4 kuwa ba ta fi ƙarfin sashen kwamfuta na jami'a a Zariya ko Kano ko Yamai ba. Ana iya gwada ta a can, da yardar masu fuskokin, a kan dattijuwa mai hijabi da ta yi rajista shekara goma da suka wuce, da manomi mai tsage a kumatu a tsakar rana, da mai rawani a inuwar rumfa, a fitar da makin kowane rukuni daban kafin hukuma ko banki su sa hannu a takardar saye.